Ayarin Yara: Daga Sokodé Zuwa Dapaong Ba Tare Da Barin Filin Makaranta Ba



Kwanakin baya, bayan sallar la'asar, aka aiko wani yaro da saƙo zauren dattijonmu, muna zaune muna rubuta masa wasiƙu kamar yadda muka saba. Yaron ɗan aji biyar ne, wanda a lakwal ake kira CM1, ga ladabi ga kaifin ido. Da ya isar da saƙonsa sai dattijo ya tsokane shi irin tsokanar kaka da jika, ya ce, "Kai ɗan nan, wai ku mutanen ina ne?" Yaro ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, a makaranta an ce mu 'yan Najeriya ne." Mutanen zaure suka yi dariya, aka ba shi kuɗin alewa ya tafi. Dattijo kuwa bai yi dariya ba. Kakan kakan yaron nan a maƙabartar garin nan yake kwance. Shi bai taɓa taka Najeriya ba, mahaifinsa ma haka, takardar haihuwarsa kuma ta Togo ce. Washegari muka sa aka kira shi muka ƙara tambayarsa. Ya taɓa zuwa Dapaong, inda gwaggonsa take aure? Bai taɓa ba. Mango fa? Ya dai ji suna. Duk abin da ya sani na ƙasar da aka haife shi bai wuce gida da lakwal da makarantar allo da bakin kasuwa ba.

Ba mu ga laifin yaron ba, laifin namu ne. Mu jikokin fatake ne, mutanen da suka auna Afirka ta Yamma da tafin ƙafarsu, ga shi mun haifi 'ya'yan da ba su san garin da ke gaba da nasu ba. Wannan ne ya sa muke kawo wa jama'a wata shawara, wadda asalinta daga nesa ta zo, amma muna ganin ta fi dacewa da mu a kan waɗanda suka ƙirƙiro ta.

A makarantun firamare da dama na Amurka akwai wani abu da suke yi. Yara su zagaya filin makaranta da gudu ko da tafiya, malami ya ƙirga zagayen, a haɗa nisan da ajin ya yi, sannan a matsar da wata alama a kan taswirar ƙasar da aka manna a bango. A haka aji zai tashi daga gaɓar tekun gabas ya nufi ta yamma, alhali ko ƙofar makaranta bai fita ba. Duk garin da alama ta sauka, shi ne darasin ranar: wane kogi ne a wurin, me ake nomawa, wa ya kafa shi. A Sikotlan ta ƙasar Birtaniya kuma, a shekarar 2012, wata shugabar makarantar firamare a garin Stirling mai suna Elaine Wyllie ta ga ɗalibanta ba sa iya zagaya fili ba tare da haki ya kama su ba, sai ta sa ana fitar da su minti 15 kowace rana su yi gudu ko sassarfa. Abin ya samu sunan Daily Mile, wato mil guda kullum, ya kuma bazu zuwa ƙasashe masu yawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ma shawararta ita ce yaro mai shekara 5 zuwa 17 ya samu kamar awa guda a rana yana motsa jiki sosai.

Da muka fara ambaton wannan a wani zama, wata baiwar Allah daga cikin iyayenmu mata ta katse mu. Ta ce, "Malam, waɗannan 'ya'yan Turawa ne da ake kai wa makaranta a mota. 'Yata tun asuba take ɗauke da tiren ƙosai, kafin a buga ƙararrawa ta gama zagaye unguwa uku. Ita kuma wane gudu za ka ƙara mata?" Gaskiya ta faɗa, kuma ba mu da amsar da za ta rushe maganarta gaba ɗaya. Yarinyar da ke talla da yaron da ke ɗebo ruwa ba rashin tafiya ke damunsu ba, hutu suke nema. Sai dai duk wanda ya buɗe ido ya san zango ya rabu biyu. Akwai waɗancan, akwai kuma yaran da zemijan ke ɗauka daga ƙofar gida ya sauke a ƙofar aji, su dawo su kwanta da wayar uwarsu har magariba. Waɗannan na biyu kullum ƙaruwa suke. Amma ko da a ce babu su, ba za mu janye shawarar ba, domin lafiyar jiki ita ce ƙaramar riba a cikinta. Babbar ribar ita ce yaro ya san ƙasar da yake takawa, ya san ta yadda kakanninsa suka shigo ta, don ranar da aka tambaye shi ko shi ɗan ina ne ya sami abin faɗa.

Kada a ɗauki wannan tambaya da wasa. Dattawanmu suna tuna 1969, lokacin da gwamnatin Gana ta ba baƙi marasa takarda wa'adin barin ƙasa, mutanen zango da aka haifa a Kumasi da Ankara suka yi ta kwararowa ta kan iyakarmu da ƙunshin kayansu a ka. Suna tuna 1977, da aka tashi tsohon zangon Lome daga tsakiyar birni aka mayar da mutanensa bayan gari. Sunan baƙo yana da tsada, kuma wanda bai san tarihin zamansa ba shi ne farkon wanda ke yarda da sunan idan aka laƙa masa.

To, yaya za a yi abin? A nan ne muka saɓa wa Amurkawa. Su haɗa nisan kowane yaro suke yi. Mu lissafa: aji mai yara 50, kowa ya yi kilomita ɗaya, an sami kilomita 50 a rana guda. Tsakanin Sokodé da Dapaong kusan kilomita 300 ne a kan babbar hanya ta ɗaya, wadda ta taso daga Lome ta ƙare a Cinkassé. Ke nan cikin kwana shida an gama tafiya, an wuce Kara da Mango kamar motar dare, babu abin da ya zauna a kan yaro. Bayan haka, irin wannan lissafi yana ɗaukaka mai ƙarfin ƙafa ya ɓoye rarrauna. Idan yara biyar masu gudu suka yi zagaye ashirin-ashirin, babu wanda zai lura cewa akwai wani a gindin bishiya da bai tashi ba.

Kakanninmu ba haka suke tafiya ba. Ayari ba ya isa zango sai jakin ƙarshe ya iso. Madugu ba ya ƙirga sawun kowa ya tara, abin da ya sani shi ne yau ayari ya tashi daga wuri kaza ya sauka wuri kaza, da mai ƙarfi da mai ɗingishi. Don haka shawararmu ita ce aji ya zama ayari guda. Kowace ranar makaranta, da sassafe kafin rana ta yi zafi, yara duka su yi kilomita ɗaya tare. Mai son gudu ya yi gudu, mai son tafiya ya yi tafiya, amma alama ba ta motsawa a taswira sai na ƙarshe ya kammala, kuma kilomita ɗaya tak za ta motsa. Wanda ya riga ya gama sai ya koma ya rako na baya. Yaron da ke da lalurar ƙafa ko ciwon sikila a ba shi aikin da ya dace da shi, ya riƙe ƙirga ko ya buga ganga, ayarin da can ma ba kowa ke ɗaukar kaya ba.

Wani zai ce a wannan tafiyar hawainiya yaushe za a kai? Sai mu ce a raba hanyar biyu. Aji guda ya tashi daga Sokodé ya nufi arewa, wani ya tashi daga Dapaong ya nufo kudu. Kowanne kusan kilomita 150 ke gabansa, wato kwanakin makaranta 150, abin da shekarar karatu guda za ta ɗauka ba tare da takura ba. Idan an fara da komawa makaranta a ƙarshen damina, kafin jarrabawar ƙarshen shekara ayarin biyu za su haɗu a wajejen Kanté. Tafiya sannu-sannu kwana nesa.

Kayan aikin ba su taka kara sun karya ba. Igiya mai tsawon mita 10, yara su auna da kansu sau 20 a kewayen fili su sami mita 200, a zuba toka a kan layin. Zagaye biyar ya zama kilomita. Taswira kuma a zana ta a bayan takardar buhun siminti idan babu ta saye. Ba a bukatar intanet, ba a bukatar takalmin gudu. A naɗa wa ajin madugu da jagaba kamar yadda ayari yake da su, a riƙa sauya su kowane mako don kowa ya ɗanɗana. Ayarin da can yana tafiya da malaminsa mai rubutu da addu'a, to a nan ma a samu malamin ayari daga cikin yaran, mai riƙe littafi.

Yanzu mu bi hanyar, don a ga abin da yaro zai tsinta a kanta.

Ayarin Sokodé tun bai fita gari ba ya sami darasinsa na farko a Didaouré, unguwar da 'yan kasuwa Musulmi suka kafa tun kafin Jamusawa su dasa barikinsu a ƙarshen ƙarni na 19. A nan za a gaya wa yara cewa ƙasar ta Tem ce, waɗanda muke kira Kotokoli, su ne masu masaukinmu, kuma zamanmu da su ya girmi iyakokin da ke kan taswira. Wajen ƙarshen wata na biyu alama za ta kai Alédjo, inda aka tsaga dutse aka ratsa da hanya, wurin da manyan motoci suka sha wuya kafin a yi hanyar kewaye. Kowane direba a zangonmu yana da labarin wannan tsaga, a gayyato ɗaya ya zo aji ya ba da nasa. Sai Bafilo, garin masaƙa. Sai Kara a ƙasar Kabiye, masu kokawar Evala ta watan Yuli, inda yaranmu za su ji cewa ba mu kaɗai muka san kokawa ba. Sai Niamtougou da filin jirginta, sai hawan Défalé, sai Kanté, ƙofar Koutammakou, ƙasar Batammariba masu gidajen ƙasa kamar ganuwa, wadda UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 2004. Mutane suna biyan kuɗin jirgi daga Turai su zo kallon gidajen nan, ɗanmu da ke kilomita ɗari da 'yan kai bai taɓa jin labarinsu ba.

Ayarin Dapaong zai fara da ƙasar Moba da Gurma, da rumbunan da mutanen da suka gina a cikin kogunan dutsen Nok don ɓuya lokacin hare-hare. Amma babban zangonsu Mango ne, wanda za su isa bayan kamar kwanakin makaranta saba'in, kuma a nan muke so malami ya daɗe. Cikakken sunan garin Sansanné-Mango, masana da yawa kuma suna mayar da kashin farko na sunan ga kalmarmu ta sansani, wato masaukin mayaƙa. Anufo, waɗanda ake kira Cakosi, su suka kafa shi a ƙarni na 18 a bakin kogin Oti, bayan sun taso daga ƙasar da yau take cikin Kodibuwa. Ya zama ɗaya daga manyan masaukan fatake tsakanin ƙasar Hausa da Gwanja. Yaron da aka nuna wa kalmar harshensa a cikin sunan wani tsohon gari na Togo, ba sai an yi masa dogon wa'azi ba.

Akwai wani abu da za a zana a kan taswirar da jan alli, kuma a ganinmu shi ne zuciyar darasin. Hanyar kwalta da muke bi yau daga kudu take zuwa arewa, domin Turawa sun fara fitar da hanyar ne don kaya su gangara tashar jirgin ruwa. Hanyar kakanninmu kuwa daga gabas take zuwa yamma. Ayari yakan taso daga Kano ko Sakkwato ko Jega, ya ƙetare Kwara, wani ya bi ta Nikki da Djougou a ƙasar Binin ta yau ya ratsa ƙasar Kotokoli, wani ya bi ta sama ya faɗo Mango, duka su gangara Salaga, kasuwar goron Gwanja. Ke nan jan layi zai gitta baƙin layi a wuri biyu, ɗaya a yankin Sokodé, ɗaya a Mango. Zangunanmu a kan waɗannan magamai suka tsiro. Fatake suna zuwa da kanwa da tufafin Kano da jar fata da dabbobi, su koma da huhunan goro a kan jakuna da kawunan 'yan alaro, tafiyar watanni, ana buɗe huhu a hanya ana yayyafa ruwa ana tsince wanda ya lalace. Littafin tarihin sarakunan Kano ya ambaci buɗe hanyar Gwanja tun zamanin Sarki Abdullahi Burja a ƙarni na 15. Wasu daga cikin matafiyan ba su koma ba. Wani ciwo ya tsayar da shi, wani aure, wani ya ga ya fi masa ya zama mai masauki yana karɓar baƙi. Mu ne zuriyarsu.

A kan jan layin nan za a ambaci Imam Umaru, wanda aka haifa a Kano a 1858, ya bi hanyar fatake ya zauna Salaga, yaƙin basasar 1892 ya tashe shi ya koma Kete-Krachi, inda ya rasu a 1934. Kete-Krachi a lokacin da ya koma can tana cikin Togon Jamus. Ya yi rubuce-rubuce da Hausa da Larabci, ya kuma yi aiki da wani jami'in Jamus mai suna Adam Mischlich, wanda ya fitar da ƙamusun Hausa a 1906. Daga baya aka raba Togo tsakanin Ingila da Faransa, ɓangaren Ingila ya shige Gana, kabarin malamin ya zama a wata ƙasa ba tare da ya motsa ba. Wannan kaɗai ya isa ya koya wa yaro yadda iyaka take yi da mutane.

Kuma kada a ɓoye musu ɗaya gefen. Hanyar goro ita ce hanyar bayi. Salaga kasuwar mutane ce kamar yadda take kasuwar goro, ayari da yawa kuma sun tafi da 'ya'yan wasu a ɗaure. Rumbunan Nok da gidajen Batammariba da muka yaba a sama, tsoron masu hari yana cikin abin da ya siffanta su. Mun san wasu dattawa ba za su so a faɗi wannan a gaban yara ba. Mu muna ganin a faɗa, da harshen da ya dace da shekarunsu. Yaron da zai zauna benci guda da ɗan Moba da ɗan Kabiye har ƙarshen rayuwarsa, gara ya ji wannan daga bakin malaminsa ya koyi tawali'u, da ya ji shi a bakin abokin faɗa ranar da rai ya ɓaci.

A zaman da muka ambata an yi gardama a kan inda ya kamata ayarin ya nufa. Wasu suka ce Kano, tunda can ne tushe. Wani malami ya ce Makka, a bi sawun alhazan da suka tafi da ƙafa ta Chadi da Sudan suna shekaru a hanya. Duka biyun suna da kyau, kuma ana iya yinsu a shekara ta biyu da ta uku. Amma mun tsaya a kan cewa tafiyar farko ta zama cikin Togo. Idan muka fara da Kano, mun tabbatar wa yaron nan na zaure abin da aka gaya masa a makaranta, cewa gidansa yana wani wuri, nan kuwa aro ne. Mu ba haka muka ɗauki kanmu ba. Kano da Katsina da Sakkwato asalinmu ne, muna alfahari da su, amma a nan muke biyan haraji, a nan muke zaɓe, a nan za a binne mu.

Akwai kuma dalilin da ya fi wannan ɗaci. A daren 10 zuwa 11 ga Mayun 2022 aka kai hari Kpékpakandi a yankin Kpendjal, sojoji takwas suka rasu. A watan Yunin wannan shekara gwamnati ta kafa dokar ta-ɓacin tsaro a jihar Savanes, ana kuma ta sabunta ta. Garin Dapaong yana nan yana harkokinsa, kasuwa tana ci, amma kowa ya san zukatan iyaye sun canja. Da can idan aka yi dogon hutu, a cusa yaro a motar wani direba da aka sani a ce a sauke shi wurin kawunsa a arewa, ya yi wata biyu ya dawo da Hausa mai ƙamshin Moba. Yanzu uwa takan ce a bari sai baɗi, baɗi kuma ta zama baɗin baɗaɗa. Hausawa sun ce zumunci a ƙafa yake. Idan ƙafa ta tsaya shekara biyar, yaran da suka tashi a ciki ba za su san 'yan uwansu ba. Mun yarda cewa gani ya kori ji, taswira kuma ba ta maye gurbin tafiya. Amma yaron da ya shekara yana matsar da alama zuwa wajen wasu yara da su ma suke matsowa wajensa, yana jin muryoyinsu duk mako ta wayar malami, ba zai ɗauki arewa a matsayin wurin da labarin tsoro kaɗai ke fitowa ba. Saboda halin da ake ciki ne ma muke cewa komai a yi shi cikin shingen makaranta, da sanin shugabanta da hukumar ilimi, kada wani ya ga taron yara da taswira ya fassara shi da wata fassara.

Sai maganar 'yan mata, wadda mun san za ta taso. Wani zai ce bai dace 'ya mace ta yi gudu a fili ba. Muna magana ne a kan yara 'yan firamare, cikin shingen makarantarsu, da suturarsu, a gaban malama idan akwai. Mu da muka yi zaman zaure mun karanta a littafin Abu Dawuda cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi tsere da Nana A'isha har sau biyu, ta riga shi a na farko, ya riga ta a na biyu. Sa'ayin da alhazai ke yi tsakanin Safa da Marwa kuwa, kai-da-kawowar mace ake tunawa, Nana Hajara tana nemar wa ɗanta ruwa. Abin mamaki ma, wanda zai hana yarinya zagaye biyar a makaranta sau da yawa shi ne ke tura ta talla tasha ita kaɗai a tsakanin direbobi. Wacce ta riga ta gaji da tallar asuba, a bar ta ta taka a hankali, ayari zai jira ta.

Watan azumi a yada zango, a yi amfani da kwanakin wajen karanta abin da aka rubuta. Ranar da ƙurar hunturu ta yi kauri, ko zafin Maris da Afrilu ya tsananta, wanda mutanen Dapaong sun fi kowa saninsa, malami ya yi amfani da hankalinsa. Madugun kirki ba ya tayar da ayari cikin hadari.

Littafin ayari da muka ambata yana da nasa aiki. A lakwal da Faransanci ake karatu, gyaran ilimi na 1975 kuma Ewe da Kabiye ya zaɓa a matsayin harsunan ƙasa da za a koyar. Hausa ba ta da aji. Yaranmu na Sokodé Tem ta fi zama a bakinsu, na Dapaong suna cakuɗa Moba da Faransanci, ba mu kuma ƙi wannan ba, domin falke da harshe ɗaya bai taɓa cin kasuwa ba. Har ma muna so duk garin da alama ta sauka yara su koyi gaisuwar mutanensa da harshensu. Amma littafin kansa a rubuta shi da Hausa: kwanan wata, inda aka kai, wanda ya yi madugu, abin da aka koya, layi uku ko huɗu. Shafin dama da ajami, na hagu da boko. Yaro da yawa a zangonmu ya iya karanta Alƙur'ani da rubuta Faransanci, amma bai taɓa rubuta jimla guda da harshen uwarsa ba, ko sau ɗaya. Idan kowane ɗalibi ya riƙe alƙalamin sau uku a shekara, an fara wani abu.

Makarantun Faransanci da Larabci na unguwanninmu su ne suka fi sauƙin farawa, domin iyaye suna da baki a cikinsu. Idan wani shugaban makarantar gwamnati ya karɓa, ya fi mana daɗi, don ajinsa ya haɗa kowace ƙabila, kuma hanyar ta kowa ce.

Abu guda ya rage da ba mu warware ba. Idan alamun biyu suka haɗu a Kanté a kan takarda, ya kamata yaran su haɗu a can da jikinsu, ko da wuni guda ne, su ci abinci tare, su yi musayar littattafansu, kowane aji ya koma da na ɗan uwansa. Wannan yana bukatar mota biyu da mai da izinin hukuma da yardar iyaye, ya kuma dogara ga yadda hanya take a lokacin. Muna da direbobi, muna da 'yan goro da mahauta da dillalan shanu waɗanda hanyar nan ce ta yi musu arziki, kuma wata tara ya isa a tara kuɗin idan aka fara da wuri. Dattijonmu ya ce igiya da takarda da alli shi zai saya. Wani malami a nan Sokodé ya ce zai gwada da ajinsa idan aka sami abokin tafiya. Saura malami guda daga Dapaong ya aiko mana da saƙo kafin a koma makaranta, don a sa rana guda ayarin biyu su tashi tare.